Azurfa Tsakanin Nauyi da Ƙyalli

A yau idan mace ta ɗauko tsohuwar munduwar azurfa daga ƙasan akwati ta tarar ta yi baƙi, abin da take fara tambaya shi ne me za ta zuba mata ta koma fari. Kakarta da ta bar mata munduwar da wuya wannan ya zama damuwarta ta farko. Ita abin da ta riƙe a ka shi ne liyari nawa aka narka kafin a yi ta, wane maƙeri ya ƙera ta, kuma nawa za ta kawo ranar da gida ya shiga halin ni-'yasu. Tsakanin tambayar jika da sanin kaka akwai canjin da ya ɗauki kusan shekara ɗari yana tafiya a hankali, kuma bai tsaya ga sabulu da tsumma ba. Matsayin azurfa a cikin gida ne ya sauya. Da, nauyinta ake kiyayewa, domin nauyin shi ne dukiyar. Yanzu ƙyallinta ake bi, alhali bin ƙyalli ba da sani ba shi ke cinye ƙarfen da zanen da ke jikinsa. Ina ganin wannan juyi ne ya sa muka fi kakanninmu yawan kayan wanke azurfa, muka kuma fi su saurin lalata ta, ko da yake su ma akwai inda ba za a wanke su ba.

Sai an tuna daga ina azurfar ta zo kafin a fahimci yadda aka riƙe ta. Ƙasar Hausa ba ta da mahaƙar azurfa ta a-zo-a-gani. Abin da maƙeran fari na Kano da Katsina da Damagaram da Agadas suka daɗe suna narkawa tsabar kuɗin waje ne. Mafi shahara shi ne liyari, kuɗin nan mai hoton Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780, aka kuma ci gaba da buga shi da wannan shekarar a jiki har zuwa yau. Nauyin kowane ɗaya giram 28 ne da 'yar ɗoriya, kuma cikin kashi 1,000 na jikinsa, 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Ta hamada ya riƙa shigowa a hannun fatake. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canza irin wannan kuɗi guda ɗaya a kan wuri 2,500. Daga baya tsabar faran biyar ta Faransa ta zo, mai giram 25 da azurfa kashi 900, sannan sule da fataka na Ingila masu kashi 925. Ita tsabar kuɗin ita ce shaidar inganci. A Ingila tun 1300 doka ta wajabta a gwada kayan azurfa a buga musu hatimi kafin a sayar. Mu nan ba mu yi ofishin irin wannan gwaji ba, ba mu kuma buƙace shi ba, domin mace ita ke kai wa maƙeri liyarinta a ƙirge. Ta san nauyin da ta bayar, ta san wanda ya kamata ya dawo mata.

Wannan ya sa kula da azurfa ya zama reshen kula da dukiya. Shari'a ma a haka ta ɗauke ta: nisabin zakkarta dirhami 200 ne, kusan giram 595, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku na azurfa. Mundaye da awarwaro da 'yan kunne da zobba ajiya ce da mace ke yawo da ita a jiki, mallakarta ita kaɗai, miji ba shi da iko a kai. Abin da ake sawa kullum kuwa ba ya samun sararin yin baƙi sosai, domin gogar fata da zane da aikin gida suna share dusashewar tun tana sabuwa. Na biki da salla su ake naɗewa a tsumma a cusa cikin batta ko adudu ko ƙasan tukunya, inda iska ba ta kai-kawo. In salla ta matso a fito da su a wanke da sabulun salo, a murza da toka mai laushi ko jiƙaƙƙiyar tsamiya ko lemun tsami, a ɗauraye a tsane. Idan abin ya fi ƙarfin gida, maƙeri na nan a unguwa ko a kasuwa. Zai sa munduwar a wuta ta ɗauki zafi, ya tsoma ta a ruwa mai tsami, na alif ko na lemo, ya goge. Babu siddabaru a ciki: zafi na ƙona jan ƙarfen da ke saman munduwar, ruwan tsamin ya cinye ƙonannen, sai a bar siririn ɓawon azurfa tsantsa a sama, fari fat. A wannan zuwan ne kuma zai duba inda ya tsage ya liƙe, ya gyara maɗauri, ya ɗora a ma'auni. Wanki da gyara da awo duk a zama ɗaya ake yin su.

Shi baƙin kansa ya kamata a san ko mene ne, domin rashin saninsa ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi. Azurfa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, wadda ke ci ta yi ta ci har ta huda kwano. Abokiyar gabarta farar wuta ce, musamman wadda ke yawo a iska, iskar nan mai warin baragurbi. Kaɗan ƙwarai ya isa, ƙasa da abin da hanci zai ji. Idan ta sauka a kan azurfa sai su haɗu su zama wani siririn rufi, ya fara da ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, wani lokaci da shuɗi-shuɗi, daga ƙarshe ya zama baƙi. Laima na hanzarta shi, shi ya sa kayan da suka ga bayan rani lafiya kan canza kama a tsakiyar damina. Rufin a sama yake tsayawa. Munduwar da ta shekara hamsin baƙa a akwati ba ta rasa nauyin da sikelin kasuwa zai gani ba. Sai dai kuma baƙin nan ba ƙazanta ba ce da ta zo daga waje ta zauna, da jikin azurfar aka yi shi. Duk wanda ya kankare shi, azurfa ya kankare. Sau ɗaya ba komai, amma mai yi duk mako sassaƙe kayansa yake yi da hannunsa.

Maza ma suna cikin maganar, tunda zinariya haramun ce gare su, azurfa kuwa an halatta: zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne, malaman Malikiyya kuma suka iyakance nauyin zoben namiji ga dirhami biyu, kusan giram shida. Akan ga mutum ya tsorata don zobensa ya yi baƙi dare ɗaya, ya fara zargin ciwo ko sammu, ko ya ce mai zoben ya cuce shi. Galibi amsar na kusa: ya ɓare dafaffen ƙwai, ko ya yanka albasa, ko ya yi wanka da sabulun farar wuta na maganin ƙuraje. Game da zargin jabu kuwa, abin ya kusa zama akasin haka. Zoben da ya shekara a ajiye bai ko canza ba shi ya fi cancantar tuhuma, domin ko dai ƙarfen kwanon silba ne, ko kuma an rufe shi da wani abu.

Wani ɓangare na canjin ba laifin kowa ba ne: iskar gari ta sauya, kayan ɗaki ma sun sauya. Birane sun cika, kwatoci suna kwana da ruwa suna fitar da wannan iska mai wari. A Kano masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna amfani da sinadarin farar wuta wajen cire gashin fata. Hayaƙin janareta ya shigo har tsakar gida. A cikin ɗaki kuwa, robar ɗaure kuɗi da ake naɗe sarƙa da ita akwai farar wuta a jikinta, domin da ita ake dafa roba, haka ulu da wasu fatu da wasu takardu. Ga ruwan bilic na wanki, wanda ke ɓata azurfa nan take ya bar mata tabon da ya fi baƙin iska wuyar fita. Mafi muni su ne mayukan bilicin masu zaiba, domin zaiba na shiga jikin azurfa da zinariya ta haɗe da su; mai shafawa sai ta auna abin da take yi wa ƙodarta. A kan duk wannan, azurfar da a da take a hannu kullum ta koma akwati tana jiran ranar kamu ko wani taron al'ada, a fito da ita baƙa, a afka mata da wanki cikin gaggawa.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne ƙarewar tsabar azurfa. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912 ta fara fitar da sulallan azurfa a 1913, amma bayan Yaƙin Duniya na Farko farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabi, har ƙarfen sule ya nemi ya fi sulen daraja, sai a 1920 aka koma buga su da gaurayen jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Ita Ingila ta rage azurfar nata kuɗin zuwa rabi a wannan shekarar, ta cire ta gaba ɗaya a 1947. Tsabar da Nijeriya ta buga ta kanta a 1959 babu azurfa a ciki, haka kwabban da suka zo da naira a 1973. Maƙeri ya rasa abin narkawa mai sanannen asali, mai saye ya rasa ma'aunin gaskiya. Gurbin sai ya cika da masu kama: sanholo marar nauyi mai arha, da gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda Turawa ke kira azurfar Jamus alhali babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa, da kayan da aka shafa wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Yau lambar 925 ake nuna wa mai saye, amma ƙarfen buga lambar kowa na iya mallakarsa, kuma mai saye a kasuwanninmu ba shi da ofishin gwajin da zai kai. Gwajin maganaɗisu rabin gwaji ne: abin da ya manne ba azurfa ba ne, amma jan ƙarfe da tagulla ma ba sa mannewa. Duk wannan na dawowa kan wanki. Murzar da munduwar liyari za ta jure shekara da shekaru, sarƙa mai ruwan azurfa ba za ta daɗe tana jure ta ba, domin rufinta ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Wata rana sai a ga ja ya leƙo, shi ke nan.

Ido ma ya canza. Daga shekarun 1970, kuɗin man fetur da jiragen alhazai suka buɗe hanyar kasuwannin gwal na Makka da Jidda, daga baya Dubai. Gwal ya shiga lefe, ya zama abin da ake auna gidan miji da shi, wanda bai samu ba ya sayi mai ruwan gwal. Ko a cikin Abzinawa, waɗanda aka sani da fifita azurfa, matan birni da yawa sun koma gwal. Gwal mai kyau ba ya dusashewa, sai ido ya saba da cewa abin ado na gaske kullum sabo yake. Masana'antun waje suka bi wannan son, suna rufe sabuwar azurfa da rodiyam don ta riƙa walƙiya a gilashin kanti. Da wannan idon ake komawa a kalli munduwar kaka, a ga farinta mai sanyi da duhun da ya kwanta a cikin zanenta, a ce ta yi datti. Dubi abin wuyan nan da duniya ta sani da gicciyen Agadas, da 'yan'uwansa na Ingal da Tawa da Iferwan da Damagaram. Maƙeri kan fara siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, ya fasa yumɓun, sannan ya zauna da magagari da 'yan ƙarafa masu tsini ya yi ta zane, layi-layi da ɗigo-ɗigo da kusurwa uku-uku. Zanen ba ya fitowa sai da duhu a cikin ramukansa, shi ya sa maƙera kan baƙanta su da gangan kafin su goge saman. Wanda ya wanke wannan duhun tas ya share rabin aikin maƙerin.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba dabarun da ke yawo yanzu a waya da bakin 'yan kasuwa. Man goge baki yana aiki ne don akwai gari mai kaushi a cikinsa da aka yi domin haƙori, haƙori kuwa ya fi azurfa tauri. Farin da ake gani sabuwar fata ce bayan an ɗaye tsohuwa, tare da ƙananan ƙarce da ke dishe ta a hankali. Dabarar shimfiɗa takardar alminiyam a kwano, a zuba ruwan zafi da bekin soda, a tsoma azurfar ta taɓa takardar, ta fi wannan hankali, domin ba kankara take yi ba, farar wutar take rabawa da azurfar, shi ya sa ake jin warin ƙwai yana tashi. Ga sarƙa zalla marar dutse marar zane, ba ta da laifi. Amma ba ta san bambancin baƙin da iska ta kawo da wanda maƙeri ya sa ba, duka take kwashewa. Ruwan zafin kuma na kwance gam ɗin da ke riƙe da dutse, ya ɓata baƙin icen da maƙeran Abzin ke sakawa a mundaye da 'yan kunne. Ruwan tsomawa na kwalba asid ne, in ya wuce ka'ida sai ya bar fuskar ƙarfen a cinye, in kuma ya shige cikin ado mai rami yana can yana aiki bayan an gama. Lemun tsamin gargajiya ma cin murjani yake. Ko shafa da busasshen tsumma a lokacin hunturu na da illa, domin ƙurar da ta sauka akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. A fara ɗaurayewa tukuna.

Mai ja zai ce, ai toka da yashin da kakanni suka yi amfani da su sun fi man goge baki kaushi, ta yaya za a yabi wancan a kushe wannan? Gaskiya ne, kuma tsoffin kayan su ne shaida: akwai liyarin wuya da fuskar sarauniyar ta shafe sai alama, akwai munduwar da zanenta ya koma sumul. Ba taushin hannu suka fi mu ba. Bambancin na ga abin da ake murzawa da abin da ke bayan murzar. Munduwar da aka narka liyari huɗu aka yi ta ta haura giram 100, azurfa ce ciki da waje, kuma sai salla ko biki take shan murza. In zane ya shafe, wanda ya yi shi ko ɗansa na nan, zai sake. Sarƙar giram biyar da inji ya saƙa a Italiya ko Tailan ko Sin ba ta da wannan rara, ba ta kuma da mai ita a unguwa. Wanda ya gaji tokar bai gaji kaurin da maƙerin ba, ɓarnar kaɗai ya gada.

Wani zai ƙara da cewa mutanen da ba su ma ɗauki waɗannan kaya abin adanawa har abada ba, tunda da kansu suke kai su a narka idan yayi ya wuce ko 'ya ta tashi aure. Don me za mu fi su kishin abin da su suka narka? Hujja ce mai ƙarfi, ban kuma ga dalilin mayar da kowace munduwa kayan gidan tarihi ba. Amma narkawar da ba ta fita daga gida: azurfar ta shiga maƙera ta fito a sabuwar siffa ta koma hannun 'yar mai ita, maƙeri ya ci abinci, yaronsa ya koyi zane. Ta yanzu kuwa tafiya ce ba dawowa. Duk lokacin da farashi ya yi sama, kamar a Janairun 1980 da Afrilun 2011 da oza ɗaya, wato giram 31, ta kusa dalar Amurka 50, tsoffin kaya kan fita daga gidaje a faɗin duniya zuwa matatun ƙarfe, a biya kuɗin nauyi, aikin hannu ya tafi a banza. Buƙatar kuma ba raguwa take yi ba, domin fiye da rabin azurfar da duniya ke amfani da ita yanzu masana'antu ke sha, har da farantan sola da suka cika rufin gidajenmu, waɗanda siraran layukan fuskarsu da azurfa ake yin su. Su kuma masu ƙerawa cikin matsi suke. Maƙeran Agadas sun daɗe suna jingine da 'yan yawon buɗe ido, tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 suka kore baƙin, kuma sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su yadda aka so ba. A birane irin su Kano, sana'ar ta fi karkata ga gwal da gyaransa, inda kuɗin yake. Munduwar da aka narka yau, da wuya a sami mai sake irinta.

Maganar da ta fi wuyar turewa ita ce, mata ba wauta suka yi ba da suka koma gwal. A lissafin zakka, giram 85 na zinariya daidai yake da giram 595 na azurfa, wato ɗaya da bakwai. A Faransa ta ƙarni na 19 doka ta tsayar da shi ɗaya da 15 da rabi. Bayan Jamus da Amurka sun bar azurfa a matsayin ginshiƙin kuɗinsu a farkon shekarun 1870, darajarta ta yi ta zamewa, har aka kai lokacin da akan ba da giram 70 ko 80 na azurfa kafin a sami ɗaya na gwal, a Maris na 2020 ma abin ya haura 120. Macen da ke son ajiyar da za ta shiga tafin hannu ta kuma biya kuɗin asibiti ko na makaranta, gwal za ta saya, kuma ta yi daidai. Na yarda da wannan baki ɗaya. Amma ba ya nufin a yi wa azurfa riƙon sakainar kashi. Idan nauyin munduwa ya daina zama babbar dukiya, to abin da ya rage mata na daraja shi ne aikin da ke jikinta da sanin asalinta, aikin kuwa shi muguwar gogewa ke fara ci. Yanzu ne ma ya fi kamata a sassauta hannu. Kaka tana iya murza tata da toka, don ta san ko zane ya tafi liyarinta na nan. Jika ba ta da wannan uzurin.

Inda zamani ya fi taimakawa shi ne inda aka fi raina shi, wato ajiya. Tunda iska da laima ke kawo baƙi, duk abin da ya raba azurfa da su ya rage buƙatar wanki tun daga tushe. 'Yar ledar nan mai zif, irin wadda ake zuba ƙwayar magani a kemis, in aka matse iskarta aka rufe, ta fi batta da adudu tsaro, muddin kayan sun bushe sarai, an naɗe kowanne a wankakken farin ƙyallen auduga, an kuma sa shi a tasa ledar don kada su ƙarci juna. 'Yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalmi ko na waya, waɗanda ake zubarwa, wurinsu akwatin azurfa ne. Turare da mai su riga sarƙa hawa jiki su bushe, in an cire ta kuma a share gumi kafin a ajiye. Wanki kuwa, ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi da yatsu sun ishi mafi yawan kaya, a tsane da ƙyalle mai laushi har cikin lunguna. In ana son haske, a shafa tudun kawai a bar kwarin da duhunsa.

Abin da leda ba za ta iya ajiyewa ba shi ne sanin asali. Yawancin tsoffin kayan da ke gidaje ba su da hatimi ko rasit. Shaidarsu na bakin tsofaffin da suka san wa ya ba wa, a wane gari aka ƙera, da wane kuɗi aka narka. Duk mai irin wannan kaya ta tambaya tun masu amsa suna nan, ta rubuta ta ajiye a gefen ledar. Ta kai wa maƙerin fari ya auna, ya faɗa mata ko azurfa ce ciki da waje ko rufi ne, ya liƙe abin da ya tsage, ta biya shi ladan aikinsa ba tare da ta matsa sai ya mai da ita fari fat ba. Idan kuma matsi ya kai ga sayarwa, a fara tallata wa dangi da masu neman tsohon aiki kafin a kai wa mai narkawa, domin shi kuɗin giram kawai zai biya.